Hattara da mai sayar da salsala da gādon filin Manhattan

Jama'a, musamman 'yan'uwa mazauna Amurka da suka yi aure cikin 'yan ƙasa, ku ja kunnen surukanku. Akwai wani ɗan damfara da ke yawo a Facebook da sunan mai binciken asalin dangi. Ya riga ya cinye wa surukata dala 1,500, kuma da ban leƙa takardun ba, da har yau tana tura masa.

Matata Ba'amurkiya ce, a Bronx muke zaune. Mahaifiyarta, wadda yara ke kira Kaka, ta taɓa rubutawa a wani zauren masu neman asali cewa sunan gidan kakarta Bogardus. Ba a yi sati ba sai ga saƙo. Wai ya bi diddigi, ya gano ita jikanyar jikokin Anneke Jans ce, kuma magada na shirin karɓo filin kakarsu a tsakiyar Manhattan. Ya fara da dala 300 na rajista a "ƙungiyar magada", daga baya ya ce a kawo 1,200 na lauya, duk ta katin kyauta na kanti, irin wanda ake kankarewa a karanta lambar ta waya. Wane lauya ne ake biya da katin kanti?

Abin da ya sa tarkon ke kama mutane shi ne rabinsa gaskiya ne. An yi Anneke Jans. Ta iso yankin da Holan ke mulka a 1630 tare da mijinta Roelof Jansz, aka ba su gona mai eka 62 a Manhattan, a gefen Kogin Hudson. Da ya rasu ta auri limamin cocin garin New Amsterdam, Everardus Bogardus, ita kuma ta rasu a 1663, shekara guda kafin Turawan Ingila su ƙwace garin su sa masa suna New York. A 1671 magadanta suka sayar wa Gwamna Francis Lovelace gonar, amma wani reshe na gidan bai sa hannu ba. A 1705 Sarauniya Anne ta Ingila ta miƙa filin ga Cocin Trinity. A kan wannan sa hannun da ya ɓace zuriyarta suka yi ta kai ƙara, tsara bayan tsara, ba su taɓa yin nasara ko sau ɗaya ba. Tun 1847 kotu ta tabbatar wa cocin mallakarta. Don haka ko da Kaka jininta ce ta haƙiƙa, ko sisi ba ta da shi a wurin. Mu da muka saba da rabon gādo mun san ba a raba abin da aka sayar tun shekara 350 da suka wuce.

Ranar da Kaka ta kawo mini takardar salsalar da ɗan damfarar ya turo mata tana murna, doguwa ce, an buga ta da launin ƙasa-ƙasa kamar ta tsufa, da tambarin zaki a sama. Har ya rubuta cewa Anneke jikar sarkin Holan William na Orange ce. Wannan tsohuwar tatsuniya ce, matar a Norway aka haife ta, gidan talakawa. Da na bi shekarun da biro sai na ga wata kaka a jerin ta haihu tana da shekara 9. Ƙaryar da ta fi ba ni dariya ita ce ta ƙidaya: ya ce ya ga sunan wata yarinya a ƙidayar 1820, alhali kafin 1850 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, sauran mutanen gida adadinsu ake sawa. Na roƙe shi hoton takardar haihuwa ko ta baftisma ko wasiyya guda ɗaya da ke haɗa uba da ɗa. Ya ce sirrin kotu ne. Washegari ya toshe ni.

Sana'ar ma ba sabuwa ba ce. Gustave Anjou, ɗan Sweden da ya mutu a 1942, ya shekara da shekaru yana ƙirƙira wa attajiran Amurka salsalar ƙarya da ke kai su ga Turawan farko da suka zo Amurka, kuma har yanzu ana kwafo ƙaryarsa a bishiyoyin dangi na intanet. Kada ku ce don kun ga suna a shafuka goma shi ke nan ya tabbata, galibi daga wuri ɗaya aka kwaso.

Kuɗin ma bai dame ni kamar sauran abin da Kaka ta ba shi ba: ranar haihuwarta, hoton lasisin tuƙi, da sunan gidan mahaifiyarta, wanda shi ne tambayar da banki ke yi kafin ya buɗe asusu. Sai da muka wuni muna kiran banki, muka sa aka kulle bayanan bashinta, sannan muka kai rahoto ga FTC, hukumar gwamnatin Amurka mai karɓar koken damfara.

Wanda ke son sanin asalin 'ya'yansa ta ɓangaren uwa, shafin binciken asali na intanet mai suna FamilySearch kyauta ne, kuma babban ɗakin karatu na New York da ke titin Fifth Avenue yana da sashen tarihin dangi. A fara daga kai a koma baya, kowane mataki da takardarsa. Mu da Kaka yanzu mun kai 1880, a wata gona a Ohio, kuma har yanzu ba mu ga inda layin ya nufi Anneke ba.