Tsakuwa mai launi ko ta kogi: wacce za a zuba wa kifin ado?

Hajiya, kin ce autarki ta ƙyalla ido ta ga tsakuwa shuɗiya da ruwan hoda a shagon masu kifin ado, ta kafe sai ita za a zuba wa golfish ɗinku guda biyu, ke kuma hankalinki bai kwanta ba, kina tsoron kada fentin ya kashe su, ko gara ki nemi ta kogi. Duka biyun sun bi ta hannuna, bari in jera miki su.

Mai launin iri biyu ce, kuma a ido ba a bambance su. Akwai wadda aka yi musamman don akwatin kifi: ana rina dutsen, sannan a lulluɓe shi da wani ƙaro mai suna epoksi, wanda in ya bushe ba ya narkewa a ruwa. Wannan ba ta da illa, za ki ga an rubuta a jikin ledar cewa ta akwatin kifi ce. Akwai kuma wadda ake yi don tukunyar fulawa da adon teburi, fenti kawai aka watsa mata, ana auna ta a farar leda babu suna babu rubutu. Ita ce ta taɓa cuta ta. Na zuba ta da yamma, kafin sati ruwan ya fara ja-ja, na ɗebo ƙwaya ɗaya na murza da farce, fentin ya saluɓe kamar ɓawon gyaɗa, farin dutse ya bayyana a ƙasa.

To wannan farin dutsen shi ne inda gizo ke saƙa. Sau da yawa irin dutsen da ake yin siminti da shi ne, kamar wanda ake haƙowa a Kalambaina kusa da Sakkwato. Yana narkewa a hankali, ya sa ruwa ya yi nauyi, ma'aunin pH, mai nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa, ya haura zuwa wajen 8, wato ɓangaren kanwa. Kifayen sikilid na tafkin Malawi da Tanganyika a irin ruwan nan suka tashi, daɗinsa suke ji. Golfish ma yana jurewa. Amma ƙananan kifayen tetra da asalinsu kogin Amazon ne, wahala za su sha. Gwajin ba wuya: ki kankare fentin, ki ɗiga ruwan khal ɗin kicin ɗinki. In ya yi kumfa yana tsuwwa, dutsen mai narkewa ne.

Ta kogi ba ruwanta da fenti, kuma ruwa ya riga ya goge mata kaifi shekara da shekaru. Amma ita ma ba a rufe ido a kwasa. In a ƙasan gari aka ɗebo ta, inda kwata da ruwan masana'anta ke zuba, ko gefen gonar da ake feshi, tana iya zuwa da guba da ƙwayan ƙwari. Ita ma sai an yi mata gwajin khal. Dutsen da kika ga yana da tsatsa ko kore-kore kamar na jan ƙarfe, ki jefar. Tsakuwar gini kuwa, wadda inji ke fasawa, ko da ba ta canza ruwa ba, gefenta kamar reza yake.

Ga wani abu da ya fi launi muhimmanci ga kifinki, kuma masu shago ba su cika faɗa ba. Golfish yini yake yana tsotsar tsakuwa yana tofarwa, neman abinci yake. Ƙwayar da ta yi daidai da bakinsa tana iya maƙalewa, ki wayi gari ki gan shi baki buɗe ya kasa rufewa. Saboda haka ko dai yashi mai laushi, ko duwatsun da suka fi ƙarfin bakinsa. Masu kiwon tarwaɗa da danginta masu gemu su ma yashi ya fi musu, don kaifi na cinye gemun.

Ƙwallayen gilashin nan masu sheƙi ba su da guba, sai dai ƙazanta. Abinci da kashin kifi na gangarawa tsakaninsu su ruɓe, amoniya, gubar da ƙazantar ke fitarwa, ta taru, kuma golfish dama gwanin kashi ne. Masu haske cikin duhu kuwa, in ba ki ga rubutun akwatin kifi a ledar ba, ki bar wa mai shago kayansa.

Da ni ce, yashin kogi zan shimfiɗa, kaurin kamar santimita 3, in ɗora wa auta 'yan manyan duwatsu masu launi daga gaba, na leda mai rubutu. Kafin su shiga, ki jiƙa su a farin bokiti kwana 7, ki duba ko ruwan ya rine ko ya yi warin fenti. Wanki kuma da ruwa zalla, ki yi ta ɗauraya har ya fita garau. Kada omo ko sabulu su kusanci wurin, ko da mai aiki ta ce za ta taya ki.