Sharhi: ƙaramin jirgin da ya kai mu gindin Denali

Wanda duk ya yi niyyar hawa Denali, dutse mafi tsayi a nahiyar Amurka ta Arewa, ta hanyar yamma, wadda Bradford Washburn ya buɗe a 1951, daga Talkitna tafiyarsa take farawa. Ƙaramin gari ne a Alaska, kamar awa biyu da rabi a mota daga Ankorej. Daga nan babu titi zuwa dutsen. Jirgi mai ƙafafun sulɓi ne zai ɗauke ku ya sauke a kan kogin ƙanƙara na Kahiltna, a tsayin kusan mita 2,200, ƙololuwar kuma tana can sama a mita 6,190. Kamfanoni kaɗan ne ke wannan jigila. Da ɗaya daga cikinsu muka yi hulɗa, mu uku, a watan Mayu.

Tun kafin mu biya ko sisi, matar da ke ofishinsu ta tambaye mu ko mun yi rajista da hukumar gandun dajin da dutsen yake ciki, domin doka ce a yi ta kwana 60 kafin ranar hawa. Da ba ta tuna mana ba, da ɗayanmu ya makara. Ita ce kuma ta warware mana matsalar man risho. Jiragen fasinja ba sa yarda a shiga da mai, ko risho mai warin mai ma sai a ƙwace. Sai ta ce mu saya a wajensu, mu karɓa a sansanin farko tare da faifan roba da ake jan kaya a kan ƙanƙara. Haka aka yi, galan ɗinmu na jiranmu da muka sauka. Wannan kaɗai ya sauke mini nauyi babba.

Awon kaya kuwa babu sani babu sabo. Kowa laba 125, wato kusan kilo 57, abin da ya haura sai an biya. Abincin sati uku, tanti, igiyoyi, jakar barci, shebur, ga bokitin bahaya da jami'an gandu ke bayarwa a ofishinsu mai sunan Walter Harper, mutumin da ya fara taka ƙololuwar a 1913. Mun haura, mun biya. Ban ji haushi ba, jirgi ƙarami ne, kuma tsakanin duwatsu zai ratsa.

Inda suka burge ni shi ne ranar da suka ƙi tashi. A Talkitna gari garau, rana ta fito, mun ɗaure kaya tun asuba. Matuƙin ya fito ya ce ba za a je ba, hazo ya rufe mashigar da ake bi. Raina ya ɓaci, don a idona ban ga abin tsoro ba. Bai yi mana faɗa ba, bai kuma lallashe mu ba. Ya buɗe taswira ya nuna mana cewa da ido yake tuƙi a wurin, in gajimare ya haɗe da farin ƙanƙara ba ya iya bambance sama da ƙasa, kuma kwarin ba shi da faɗin da za a juya yadda aka ga dama. Kwana biyu muka yi a ɗakin kwanan da suke ba mahaya. Da muka tashi a rana ta uku na ga yadda bangon dutse ke wucewa dab da fiffike, sai na gode wa Allah da mutumin bai saurare ni ba.

Amma ina da ƙorafi, kuma a kan dawowa ne. Mun sauko sansanin farko a gajiye, dusar ƙanƙara ta zuba, muka shiga layin masu jira. Mun taya sauran mahaya tattake filin saukar jirgi da faffaɗan takalma, wannan al'adar wurin ce. Abin da ya dame ni shi ne babu wanda ya gaya mana matsayinmu a layi. Sau biyu aka ce mu naɗe tanti, muka naɗe da yatsu a daskare, jirgi ya zo ya ɗauki wasu. Yanayi ba a hannunsu yake ba, na sani, amma magana ɗaya bayyananna a hannunsu take. Da an ce "ba yau ba", da mun kafa tanti mun dafa abinci cikin natsuwa. Abin da ya rufa mana asiri shi ne abincin kwana huɗu da muka binne kafin hawa, da zurfin mita guda saboda hankaki na tonowa. Wannan shawarar ma daga ofishinsu ta fito.

Tikitin komawarmu daga Ankorej ya wuce mu, sai da muka biya kuɗin canji. Zan sake bin su, kuma na riga na rubuta musu game da kwarin Ruth, wani wurin hawa kusa da Denali. Wannan karon na bar kwana huɗu tsakanin ranar fitowa daga dutse da ranar babban jirgi, na kuma roƙi a riƙa sanar da mu lambarmu a layi ta rediyo kowace safiya.