Tallafin Erasmus Mundus: kuɗin ba laifi, takardun zama ne ke ba da wahala

Tun 2004 Tarayyar Turai ke gudanar da Erasmus Mundus, shirin digiri na biyu da jami'o'i aƙalla uku daga ƙasashe uku ke haɗuwa su tsara manhaja ɗaya. Yawancin kwasa-kwasan na shekara biyu ne, kuma wajibi ne ɗalibi ya yi karatu a ƙasashe biyu ko fiye. Akwai na adana kayan tarihi, da ilimi, da muhalli da raya ƙasa. A ƙarshe ana ba shi digirin haɗin gwiwa, ko kowace jami'a ta ba shi nata.

Wanda ya samu cikakken tallafi ba ya biyan kuɗin makaranta ko inshorar lafiya, sannan yana karɓar Yuro 1,400 duk wata har tsawon wata 24. Sai dai a cikin wannan kuɗin ne zai cire na jirgi da biza da haya. Adadin ba ya canzawa ko ina aka tura mutum, don haka abin da ya wadatar a Poland ko Girka, haya kaɗai kan cinye fiye da rabinsa a Paris ko Amsterdam. Kuma sau da yawa kuɗin farko ba ya shigowa sai an isa an buɗe asusun banki, wanda ya taho hannu rabbana zai ji jiki a makonnin farko.

Ba ofishin Tarayyar ake aika takardu ba, kowane kwas yana da shafinsa da sharuɗɗansa, galibi ana karɓa tsakanin Oktoba da Janairu. Ana neman shaidar digiri na farko da sakamakonsa, da wasiƙar bayyana manufa, da wasiƙun malamai, da shaidar iya Ingilishi irin IELTS. Wani wurin da ake faɗuwa shi ne wasiƙar manufa: a rubuta guda ɗaya a watsa wa kowane kwas, ba a ambaci darasi ko jami'a ko ɗaya daga cikin manhajar ba. Haka kuma ƙa'ida ta hana 'yan ƙasa ɗaya cin fiye da kashi 10 cikin 100 na tallafin kwas, shi ya sa gasar ta fi zafi ga ƙasashe masu yawan masu nema.

Babban raunin shirin shi ne ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa. Dokar Tarayyar ta 2016 ta yarda ɗalibi mai izinin zama a wata ƙasa ta Tarayyar ya yi har kwana 360 a wata ƙasar, amma Ireland da Denmark ba sa cikin wannan dokar, kuma kowace ƙasa da irin takardun da take nema. Gaskiya abin takaici ne a haɗa manhaja amma a bar ɗalibi da layin ofishin shige da fice ana tsakiyar jarrabawa. Kafin ka karɓi gurbi, tambayi mai kula da kwas ɗin a rubuce wace biza za ka fara nema, da kuma wanda zai samar da masauki a zango na biyu.