Ɗan jagoran da ya zagaya da mu Isfahan

Jama'a tun da na dawo Jidda ake tsare ni da tambaya, ya tafiyar Iran, wa ya zagaya da ku, nawa kuka kashe. Jiya ma wani ɗan uwa daga Shara Mansur can Makka ya riƙe ni a waya kusan rabin awa a kan maganar nan, to bari in rubuta kowa ya gani.

Na daɗe ina son ganin Isfahan, amma sai bayan da Saudiyya da Iran suka maido da hulɗa a 2023 hankalina ya kwanta na fara shiri, ni da maiɗakina. Tehran muka sauka, muka hau babbar bas kusan awa shida zuwa Isfahan. Ɗan jagoran kuwa ta wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido na same shi a intanet, sharaɗina ɗaya ne, ya zama yana jin Larabci, don mu ba ma jin ko kalma ɗaya ta Farisanci. Aka haɗa mu da wani dattijo mai sanyin murya, kwana uku, kuma abin da muka biya shi duka bai kai kuɗin kwana ɗaya a otal kusa da Harami a goman ƙarshe na azumi ba.

Abin da ya fi burge ni da mutumin nan shi ne ya san lokacin da ya dace a je kowane wuri. Ranar farko ya ce mu fito da sassafe, maiɗakina tana ta cewa ai gajiyar hanya ba ta sake mu ba, ya ce Hajiya ki yi haƙuri za ki gode min. Muka shiga filin Nakshi Jahan babu kowa sai masu shara da masu keken doki suna gyara dawakinsu. Filin nan tsawonsa mita 560 faɗinsa 160, Shah Abbas ne ya gina shi bayan ya mai da garin hedikwatar daularsa a 1598, kuma tun 1979 yake cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO. Ya nuna mana wasu ginshiƙan dutse a bakin filin, ya ce nan ne ragar wasan folo ta wancan zamanin, sarki yana kallo daga barandar fadar Ali Ƙapu. Wallahi da mu kaɗai ne wucewa za mu yi ba mu ko lura da su ba.

Mu da muke ganin Harami kullum ba kowane masallaci ne zai girgiza mu ba, wannan gaskiya ce. Amma a Masallacin Imam, wanda aka fara ginawa a 1611, ya tsayar da ni kan wani baƙin dutse daidai tsakiyar ƙubba ya ce Alhaji ɗaga murya kaɗan. Na ce Allahu Akbar, sai ga muryata tana dawowa tana dawowa kamar sahu-sahun mutane ne ke amsa min, tsigar jikina ta tashi. Ya ce haka magina suka tsara, don muryar mai magana ta kai ko'ina tun babu lasifika.

Masallacin Sheikh Lutfullah kuwa shi ne ya zauna min a rai. Ƙarami ne, ba hasumiya ba tsakar gida, don na iyalan sarki ne. Za ka bi wani lungu mai duhu-duhu da yake lanƙwasa da kai a hankali har ka fuskanci alƙibla ba ka sani ba, sai kawai ka ga ka faɗa ƙarƙashin ƙubbar, haske na shigowa ta ƙananan tagogi masu raga. Ya ce mu zauna a ƙasa mu yi shiru, bai yi magana ba kusan minti goma, daga baya ya nuna mana da yatsa yadda haske ke zana jelar ɗawisu daga tsakiyar rufin. Maiɗakina da take ƙorafin sammako ita ce ta ƙi tashi.

Ali Ƙapu mun hau, matakalar tana da tsauri, mai ciwon gwiwa ya yi tunani. Fadar Chehel Sotun ma mun je, sunan na nufin ginshiƙi 40 amma 20 ne, inuwarsu a ruwa ce ke cika sauran.

Wajen abinci ya kyauta. Da ya ce biryani na ɗauka shinkafa ce irin tamu ta nan, ashe nasu ba ko ƙwayar shinkafa, niƙaƙƙen naman rago ne da aka gasa aka ɗora kan gurasa, da rana kawai ake ci, maiƙo sosai amma akwai daɗi. Khoresht mast kuma, yogot da zafaran da sukari da nama a ciki, ni dai ban iya ba. Alewarsu gaz mai fistak ita muka yo tsaraba.

To ga inda ya ɓata min rai, kuma dole in faɗa. Rana ta biyu muna cikin kasuwar Ƙaisariyya sai ya ce mu leƙa shagon wani abokinsa mai darduma mu sha shayi kawai. Shayin nan ya ci mana fiye da awa ɗaya, ana ta shimfiɗa mana dardumomi ɗaya bayan ɗaya, kunya ta hana mu tashi, kuma kowa ya san akwai la'adarsa a ciki. Saboda haka muka isa tsohon Masallacin Juma'a a makare, wurin da ƙubbar waziri Nizamul Mulk take tun wajajen 1087, ginin bulo zalla na zamanin daular Saljuƙawa, wanda shi na fi ƙwallafa rai a kai tun daga Jidda. Minti arba'in muka samu aka fara rufewa. Na gaya masa a fili ban ji daɗi ba, ya ba da haƙuri, washegari ya mai da mu da safe bai karɓi ƙari ba. Duk wanda zai ɗauke shi ya ce masa tun farko ba ya son shago.

Sha'anin kuɗi ma ya cece mu. Katin bankinku na nan ba ya aiki a can saboda takunkumi, sai tsabar kuɗi, kuma takardar kuɗin riyal ce amma ciniki da toman ake yi, toman ɗaya riyal 10 nasu, ranar farko kaina ya ɗaure sosai. Ya kuma koya mana al'adarsu ta ta'aruf, mai shago zai ce bar shi kawai ba komai, kar ka ɗauka kyauta ce, kara ce, ka biya. Batun salla kuwa, can sau uku za ka ji kiran salla a rana, shi kuma da ya gane mu kowace a lokacinta muke yi, da kansa yake duba agogo ya ce Alhaji la'asar ta yi, ya samo mana wuri mai tsafta, bai taɓa ja na da wata gardama ba.

Daren ƙarshe ya kai mu gadar Si-o-se-pol mai baka 33, daga nan muka taka zuwa gadar Khaju. Kogin Zayande Rud a bushe muka same shi ƙaƙas, mutane na tafiya a tsakiyarsa, ya ce fari da karkatar da ruwa ne suka jawo, kuma ka ji ciwon abin a muryarsa don a bakin kogin ya taso. Ƙarƙashin gadar dattawa sun taru suna rera waƙa ba ganga ba komai, wannan ya ɗauka wancan ya karɓa, ya zauna kusa da mu yana fassara mana baiti-baiti da Larabci har wajen sha ɗaya na dare, alhali aikinsa ya ƙare tun ƙarfe shida.