Daga Titin Burgiba Zuwa Sidi Buzid: Sharhi Kan Rangadin Tarihin Juyin Juya Halin Tunisiya

Kwana biyu suka rage mini a birnin Tunis bayan na kammala aikin da ya kai ni, sai na ba da su ga wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da ke kai baƙi wuraren da boren 2010 zuwa 2011 ya gudana. Ranar farko yawon ƙafa ne a tsakiyar birnin, rana ta biyu kuma tafiya ce a mota zuwa Sidi Buzid, garin da wutar ta fara kamawa. Na gamsu da abin da na biya, amma gamsuwar ta zo ne daga ilimin jagoran da aka haɗa mu da shi, domin tsarin da kamfanin ya shimfiɗa yana da giɓin da ya kamata mai niyyar zuwa ya sani tun kafin ya zaro kuɗinsa.

Ta WhatsApp na yi rajista, an amsa mini cikin sa'a guda, kuma an karɓi kuɗin a hannu da dinarin Tunisiya ranar da muka haɗu. Kuɗin ya ƙunshi mota da direba da abincin rana na yini na biyu. Mu biyar ne, kuma da yake sauran huɗun Faransanci suke ji, da shi jagoran yake bayani, sannan ya juyo gare ni ya maimaita da Larabcin littafi, wanda ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba a kan Larabcin kasuwar Tunis. Tsohon malamin makarantar sakandare ne, ɗan ƙungiyar ƙwadago, kuma ya ce yana cikin taron ranar 14 ga Janairun 2011, ranar da shugaban ƙasar ya gudu.

A gindin hasumiyar agogo da ke kan Titin Habib Burgiba muka fara, kuma zaɓen wurin dabara ce mai kyau, saboda sunan dandalin kansa darasi ne. A da ana kiransa Dandalin 7 ga Nuwamba, ranar da Zainul Abidin Bin Ali ya kawar da tsohon shugaba Burgiba a 1987 da takardar likitoci da ta ce tsufa ya hana shi iya mulki. Yau sunansa Dandalin 14 ga Janairu 2011, ranar da Bin Ali ya hau jirgi zuwa Jidda bayan shekara 23 a kan kujera. Jagoran ya bayyana yadda lambar bakwai ta mamaye sunayen tituna da tashar talabijin ta gwamnati, da yadda jam'iyyar RCD mai mulki ta shiga kowace unguwa da ma'aikata, har ta kai samun aiki ko lasisin ƙaramar sana'a yakan rataya a kan katin jam'iyya. Zaɓe kuwa ana yi a kan kari, kuma a na 2009 an ce shugaban ya samu kusan kashi 90 cikin ɗari.

Taku kaɗan daga nan ginin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida yake, mai launin toka, da shingaye da 'yan sanda a gabansa. Tun kafin mu isa jagoran ya ce kowa ya mayar da wayarsa aljihu, domin ɗaukar hoto a wurin yana jawo tambayoyin da baƙo ba zai so ba. Daga ɗaya gefen titin, ƙarƙashin inuwar itatuwa, ya ba mu labarin kwanakin ƙarshe dalla-dalla. Ranar 10 ga Janairu Bin Ali ya yi alkawarin guraben aiki 300,000, babu wanda ya koma gida. Ranar 13 ya sake fitowa a talabijin, wannan karon da harshen talakawa maimakon Larabcin hukuma, ya ce ya fahimce su, ba zai sake tsayawa takara a 2014 ba, kuma ya umarci a daina harbi. Washegari Juma'a dubban mutane suka cika titin nan suna ihun kalmar Faransanci mai nufin "tafi ka ba mu wuri", a gaban ginin da shekara da shekaru mutane ke tsoron ko ɗaga ido su kalla, saboda a ɗakunan ƙasansa ake azabtar da 'yan adawa. Kafin dare shugaban ya bar ƙasar, kuma a Saudiyya ya rasu a Satumban 2019.

Abin da ya fi burge ni a yinin shi ne yadda ya amsa tambayar da wata daga cikinmu ta yi, ko gaskiya ne Facebook ne ya kifar da gwamnatin. Maimakon ya amsa nan take, sai ya bi da mu ta wani lungu zuwa Dandalin Muhammad Ali, inda hedikwatar ƙungiyar ƙwadago ta UGTT take. Ya yarda cewa gwamnati ta toshe YouTube amma ta bar Facebook a buɗe, kuma ta nan ne hotunan da aka ɗauka da wayoyin hannu suka isa tashar Aljazeera, daga can suka shiga kowane gida. Sai dai ya ce waɗanda suka kai zanga-zangar daga gari zuwa gari malaman makaranta ne da ma'aikatan lafiya da na gidan waya, 'yan rassan ƙungiyar a ƙananan garuruwa, alhali shugabanninta na ƙasa suna jan ƙafa. Lauyoyi sun shiga yajin aiki ranar 6 ga Janairu, birnin Sfax ya tsaya cak ranar 12, kuma daga ranar ce masu mulki suka gane cewa abin ya fi ƙarfin barkonon tsohuwa. Mun ƙare yinin a Dandalin Kasba, inda matasan da suka taso daga karkara suka yi zaman dirshan har sau biyu, sai da Firaminista Muhammad Gannushi, wanda ya yi wa Bin Ali aiki fiye da shekara goma, ya sauka ranar 27 ga Fabrairu.

Yini na biyu mun tashi bayan sallar asuba. Tafiyar ta haura kilomita 250, kuma hanyar ita kanta bayani ce, domin da zarar an bar yankin gabar teku sai kwalta ta ƙuntata, masana'antu su ɓace, a shiga gonakin zaitun da shingayen ƙaya da busasshiyar ƙasa. A cikin motar jagoran ya warware musabbabin boren. Otal-otal da masana'antu da manyan asibitoci an tara su a bakin teku, tsakiyar ƙasar da yammacinta kuma an bar su da noma da zaman jira. Jami'o'i suna yaye matasa da digiri, aikin kuwa sai mai uwa a gindin murhu. Dangin shugaban da na matarsa Laila Tarabulsi sun yi babakere a kan bankuna da sadarwa da shigo da motoci, kuma wani binciken Bankin Duniya na 2014 ya nuna cewa kamfanoni 220 da aka ƙwace daga hannunsu su ke kwashe kusan kashi 21 cikin ɗari na ribar kamfanoni masu zaman kansu a ƙasar. Ya kuma tuna mana cewa an yi gwajin wannan bore tun 2008 a yankin Gafsa mai ma'adinin fosfat, wanda ake takin zamani da shi, lokacin da mutanen Radayif suka shafe watanni suna zanga-zanga kan son kai a ɗaukar ma'aikata, aka murƙushe su ba tare da duniya ta ji ba.

A Ƙairawan muka ya da zango, kuma a nan ne ƙorafina na farko yake. Duk wanda ya zauna a zauren malami a ƙasar Hausa ya san sunan garin ta hanyar Ibn Abi Zaid mai Risala, don haka na so a ba ni ko da rabin sa'a a babban masallacin Uƙba bin Nafi'u. Abin da aka ba mu minti goma ne a bakin ƙofa, sannan aka kwashe mu zuwa wani shagon darduma inda muka ɓata kusan sa'a guda ana ba mu shayi ana shimfiɗa mana hajar da babu wanda ya tambaya. Jagoran ya tsaya a waje yana duba agogo, kuma fuskarsa ta nuna cewa ba shi ya tsara tsayawar ba.

Sidi Buzid gari ne na manoma, kuma abin gani a cikinsa bai da yawa: ofishin gwamna, da babban titin da yanzu ke ɗauke da sunan Muhammad Bu'azizi, da ƙaton hotonsa a jikin gini, da siffar amalanken kayan marmari da aka kafa don tunawa da shi. A gaban ofishin nan ne Bu'azizi, saurayi mai shekara 26 da ke tallan kayan marmari, ya cinna wa kansa wuta ranar Juma'a 17 ga Disamban 2010, bayan jami'an ƙaramar hukuma sun ƙwace masa kaya da sikeli, ya nemi wanda zai saurari kukansa bai samu ba. Ya rasu ranar 4 ga Janairu a asibitin ƙuna da ke Bin Arus, kwanaki bayan Bin Ali ya je ya tsaya a kansa an ɗauki hoto. A nan jagoran ya ƙara daraja a idona, saboda bai sayar mana da labarin yadda ya fi daɗin ji ba. Ya ce Bu'azizi ba mai digiri ba ne kamar yadda aka yi ta yaɗawa a lokacin, ko sakandare bai ƙarasa ba. Ya ce maganar marin da aka ce wata jami'a ta yi masa ba ta tabbata ba, kuma kotu ta sallame ta a Afrilun 2011. A ganinsa, mutane sun fito ne domin kowane gida yana da wanda aka taɓa wulaƙantawa haka, shi ya sa taken da aka fi rerawa yake neman aiki da 'yanci da mutunci. Abincin rana kuskus ne da naman rago a wani gidan abinci kusa da kasuwa, mai yaji sosai, kuma ya wadatar.

Babban giɓin rangadin shi ne inda ya tsaya. Tallar kamfanin ta ambaci yankin Kasrin, amma ba a kai mu ba, aka ce lokaci ya ƙure, lokacin da aka ƙona a shagon darduma. Wannan ba ƙaramin rashi ba ne, domin harbe-harben da 'yan sanda suka yi a Tala da Kasrin tsakanin 8 da 10 ga Janairu su ne suka mayar da koken yanki guda ya zama neman faɗuwar gwamnati baki ɗaya, kuma kwamitin binciken da aka kafa bayan boren ya ƙidaya mutum 338 da suka rasa rayukansu a faɗin ƙasar. Haka kuma tallar tana kiran abin da ya faru "juyin furen yasmin", sunan da jagoran da kansa ya ƙi furtawa, yana cewa a bakin teku ake sayar wa baƙi yasmin, su a nan ƙaya suka sani, kuma juyin 'yanci da mutunci suke kiransa.

Game da abin da ya biyo baya, bayanin ya yi ƙaranci ƙwarai. Ya ambaci zaɓen 23 ga Oktoban 2011 da jam'iyyar Annahda mai ra'ayin Musulunci ta samu kujeru 89 cikin 217, da kisan 'yan siyasar adawa Shukri Bel'id da Muhammad Brahmi a 2013, da kundin tsarin mulkin 2014, da kyautar Nobel ta zaman lafiya da ƙungiyoyi huɗu masu shiga tsakani suka samu a 2015, duk a cikin 'yan mintuna. Da na tambaye shi game da dakatar da majalisa da Shugaba Kais Sa'id ya yi ranar 25 ga Yulin 2021, sai ya ce kawai an mayar da ranar bikin juyin daga 14 ga Janairu zuwa 17 ga Disamba, ya kalli direba, ya canza magana. Ban ga laifinsa ba, tunda ni jirgi zan hau, shi kuwa a can zai kwana, amma mai son sanin halin da ƙasar ke ciki yau kada ya sa rai da wannan tafiya.

Ɗalibin tarihi ko siyasa, da ɗan jarida, da duk mai jin Larabci ko Faransanci zai ci riba, musamman idan ya karanta jerin abubuwan da suka faru kafin ya zo. Ina ba da shawarar a nemi a rubuta wuraren tsayawa tun wajen biyan kuɗi, a ce ba a son shago, kuma idan da hali a ƙara kuɗi a kwana a Kasrin maimakon a yi tafiya da dawowa a yini guda. Baƙo daga ƙasashenmu ya riƙe fasfonsa a jikinsa, domin tun daga 2023 da batun baƙin haure ya yi zafi a ƙasar ana yawan tambayar baƙar fata takardu, kuma sau biyu aka duba nawa a shingayen hanya, abin da kamfanin bai faɗa mini ba tun farko. Mun shigo Tunis bayan sallar isha'i, direba ya sauke kowa a ƙofar masaukinsa ba tare da ya nemi ƙarin ko dinari ɗaya ba.