Hattara da masu kashe famfon loda ta waya

Jama'a, duk mai tsohuwar loda, injin nan mai kwasar ƙasa da bokiti, irin mai tafiya a kan sarƙa, ko direbanta, ko wanda aka damƙa wa kula da ita, ya buɗe kunne. Akwai 'yan damfara da suka mayar da yoyon man haidurolik, man da ke motsa hannun loda da sarƙarta da matsi, hanyar cin abinci. Kama suna ba shi da amfani, domin yau suna da wannan suna da wannan lamba, gobe sun canja. Salon ne ba ya canjawa.

Ka wayi gari ka tarar mai ya kwanta a ƙarƙashin loda, tanki ya yi ƙasa, hankalinka ya tashi saboda aiki na jira. Ka shiga cigiyar mai gyara, sai wani ya ɓullo ya ce shi ƙwararre ne, ka turo masa bidiyo. Kafin ka ajiye waya ya yanke hukunci: babban famfon da ke tura man ya mutu, ko kuma mota, wato na'urar da ke juya sarƙa da ƙarfin mai, ta gama aiki. Sai ya ce ka yi sa'a, yana da wanda aka sabunta, har da garanti, da sauƙin kuɗi. Ka tura kafin alƙalami, sannan ka aiko da tsohon naka a rage maka farashi.

Musayar tsohon famfo da gyararre abu ne da masu gaskiya ma suke yi a wannan sana'a, shi ya sa mutane ba sa kawo komai a ransu. To a nan gizo ke saƙa. Famfon naka, wanda sau da yawa lafiyarsa ƙalau, shi ne abin da yake hari. Zai sayar da shi a matsayin na hannu mai kyau, kai kuma ko dai ka ji shiru, ko a kawo maka mataccen famfo da aka wanke aka fesa wa fenti.

Na ga irin wannan famfon a kan teburin aiki. Fenti ya rufe kawunan notuna sumul, babu inda sifana ta taɓa, alamar ba a ko buɗe shi ba. Farantin da ke ɗauke da lambarsa an kankare shi. Haƙoran sandar da ke juya shi sun cinye sun yi tsini. Da aka cire toshiyar ramin da mai ke komawa tanki aka tsiyaye abin da ke ciki a kan farin tsumma, sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli. Wanda ya ɗaura wannan a lodarsa ba kuɗin famfo kaɗai ya yi asara ba. Garin ƙarfen zai bi mai ya zagaye bawul da silinda da motocin tafiya, sai an wanke komai an canja filta da mai gaba ɗaya.

Babu wanda zai gane inda loda ke yoyo daga bidiyo, ko shekara nawa ya yi a aikin. Mai yana tafiya. Yana bin jikin tiyo ya gangara, fanka ta watsa shi, farantin ƙasa ya tara shi da laka ya ɗiga a wani wuri daban. Inda ka ga ɗigo ba lallai nan ne matsalar ba. Bakanike na gaskiya zai fara da cire farantan ƙasa, ya wanke loda, ya bari ta bushe, ya tayar da inji na ɗan lokaci, sannan ya nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Idan abin ya ɓuya, akwai rini da ake zubawa a mai wanda ke haske a ƙarƙashin fitila ta musamman. A tsohuwar loda, abin da aka fi tararwa shi ne tiyon da ya daɗe yana gogar ƙarfe, ko zoben roba da ya bushe ya tsage, ko mahaɗin da ya saki, ko sil ɗin bakin silinda, wato robar da ke tare mai, da tsatsar sanda ta yanka. Famfo ma yakan yi yoyo, amma rauninsa da geji ake aunawa, a ga matsi nawa yake bayarwa da yawan man da yake turawa bayan mai ya yi zafi.

Wani abin da suke fakewa da shi: hannun loda yana sauka da kansa, sai su ce famfo ne. Ku duba da hankali. Idan inji a kashe yake hannu yana zamewa ƙasa, famfo ba ya ko juyawa, me ya haɗa shi da maganar? Sil ɗin fistan da ke cikin silinda ne, ko bawul ɗin da ke riƙe mai. Haka kuma idan man giyar sarƙa ya cika ya yi ruwa-ruwa, sil ɗin mota ne ya saki haidurolik ciki, kuma a lodar da ke da ƙaramar filta a layin komawar man motar, ita ake fara dubawa, domin toshewarta kan fasa sil.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda suke jefa mutane cikin haɗari don su samu bidiyonsu. Sai ya ce ka ɗaga hannun loda ka shiga ƙasa ka ɗauko masa, ko ka shafa tiyo ka ji inda mai ke fita. Kada ka kuskura. Matsin man aiki a irin waɗannan injuna yana kaiwa bar 200 zuwa 250 (bar ma'aunin matsi ne), na layin tafiya ya fi haka, alhali bar 7 kacal ya isa ya huda fatar mutum. Safar hannu ba ta tare shi. Huda ƙarama kamar bakin allura tana fesa mai da ido ba ya gani sosai, ya shige cikin nama. Da farko kamar ƙaya ce ta soke ka, bayan sa'o'i hannu ya kumbura, nama ya fara mutuwa, wasu har yanke yatsa ko hannu. Duk wanda wannan ya samu ya tafi asibiti nan take, ya gaya wa likita man haidurolik ne ya shiga da matsi, domin aikin tiyata ne na gaggawa. Da kwali ko guntun katako ake neman yoyo, da tabarau a ido. Kafin a kwance ko noti ɗaya, a sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a saki matsin yadda littafin lodar ya nuna, a bari mai ya huce. Idan dole hannu ya tsaya a sama, sai an sa ƙarfen tokare da aka yi masa. Tiyo ɗaya ya fashe, hannun nan ba zai jira ka fito ba.

Akan haɗa cutar da tiyon jabu. Rubutun jikinsa ya ce SAE 100R2, wanda ya kamata ya zama da saƙar waya hawa biyu, amma ka yanka bakinsa ka tarar hawa ɗaya. Ka sa a yanka a gabanka ka ƙirga. Tiyo na ƙwarai sai matsi ya ninka na aikinsa sau huɗu kafin ya fashe, na jabu kuwa sai yadda hali ya yi. Su kuma kwalaben maganin yoyo da suke cusa wa mutane, iyakacinsu su kumbura roba na ɗan lokaci. Ba sa ɗinke tiyo, ba sa goge zanen da ke jikin sanda.

Kafin famfonka ya bar hannunka, ka ɗauki hoton farantin lambarsa, ka buga masa alama da kurfi a wani lungu. Mai gyara ya zo da kansa, ya nuna maka yoyon da abin da geji ya karanta. Kada ka saki tsohon sai sabon ya hau ya yi aiki da zafinsa. Wanda kuma an riga an karɓe masa kuɗi, kada ya goge saƙonni da shaidar biya. Ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai ƙara wurin 'yan sanda tare da lambar famfon.