Na cire balan-balan ɗin jif ɗina na sa sifirin, amma mai kayan bai gaya min gaskiya ba

Abokan noma na wajen Auyo da Kafin Hausa sun dame ni da tambaya a kan aikin da na yi wa jif ɗina, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya karanta. Eh, na cire balan-balan ɗin iska da ke ƙafafun baya, wato jakunkunan robar da ke ɗauke da nauyin motar, na sa sifirin na ƙarfe, irin murɗaɗɗen nan. Duk mai shiga fadama da tsohuwar mota mai iska, shawarar da zan ba shi ke nan. Sai dai akwai magana tsakanina da wanda ya sayar min da kayan, zan zo kanta.

Motar ƙirar 2007 ce, ta Kwatano ta shigo, gabanta sifirin, bayanta iska. Ranar da dillali yake nuna min ita a Kano, abin da ya fi yi wa talla ke nan. Ya danna maɓalli baya ya ɗaga, ya sake dannawa ya sauka, yana cewa, “Alhaji, wannan ko buhu nawa ka loda mata ba ta durƙusawa.” A nan bai yi ƙarya ba. Akwai sansa a jikin ƙafar da ke auna tsayin motar, da nauyi ya danne ta sai kwamfiresa ta tashi ta ƙara iska har ta dawo daidai. A kan kwalta kuwa, daga Hadejia zuwa Kano, rami sai dai ka gan shi da ido, ba ka jin sa a jikinka. Abin da ya ɓoye shi ne robar nan shekaru gare ta, kuma tawa ta cinye nata tun a ƙasar da aka ɗauko ta, kafin zafin Jigawa ya ɗora nasa.

Da fari sai in tashi da safe in tarar ɓangaren hagu ya ɗan kwanta, in na kunna ta kwamfiresa ta yi gurnani, ta miƙe. Bakanikena a Hadejia ya watsa wa balan-balan ɗin ruwan sabulu, sai ga kumfa ƙanana-ƙanana tana fitowa daidai inda robar take naɗewa. Ya sa yatsa ya kankaro busasshiyar laka da yashi daga cikin naɗin ya nuna min. Ya ce duk motsin da mota ta yi, wannan yashin gurzar robar yake, kuma in iska tana zurarewa kwamfiresa ba ta hutawa, ita ma ƙonewa za ta yi. Muka aika a nemo wani. To girbin shinkafa ba ya jiran kayan mota.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar na baro gona da buhunan shanshera a baya, na kwantar da kujerun. Ruwan sama ya ɗauke amma fadamar ba ta bushe ba, kuma tarakta ta riga ta yanka hanyar gida biyu, ta bar tudu a tsakiya. Na sa giyar taimako, na ɗaga bayan motar da maɓallin nan, ina tafiya a hankali. Ina tsakiyar taɓon na ji fuuu daga ƙarƙashi, hagu ya faɗi. Kwamfiresa ta yi ta kuka, ta yi ta kuka, can ta yi shiru, sai dama ma ya bi. Motar ta gurfana kamar raƙumin da za a sauke wa kaya, cikinta ya hau tudun tsakiya, salansa a cikin laka. Inji lafiya, giya lafiya, tayoyi huɗu cike da iska, amma ko taku ɗaya ba ta iya yi.

Babu sabis a wurin. Wani yaro mai kiwo ne ya ruga ƙauye ya kira mutane, Allah ya saka musu da alheri, suka zo da amalanken shanu muka kwashe buhunan. Mai facin garin ya zo da famfonsa, ya kwanta a cikin taɓon ya leƙa, ya taso yana girgiza kai. “Alhaji, in taya ce yanzu zan yi maka. Wannan kuwa ban san ta inda ake hura ta ba.” Har yau maganar nan tana raina, domin ita ce gaskiyar lamarin. Daga nan har bakin titi ba wanda bai san sifirin ba, ba kuma wanda ya taɓa ganin wannan. Magariba ta yi, sauron fadama ya taso, a gidan mai gari na kwana, motar tana can cikin daji wasu samari biyu suna gadinta. Washegari bakanikena ya iso a babur, muka ɗaga ta da jak a kan falanki, ya cusa guntun katako tsakanin ƙafar da firam ya ɗaure da roba, shanu suka taimaka aka fizgo ta. A haka muka rarrafo har Hadejia, kowane ɗan tudu sai na ji shi a haƙorana.

Neman kaya kuma wani ciwon kan ne daban. A Hadejia ban samu ba. A Ƙofar Ruwa na samu, amma na hannu ne, tsaran wanda ya fashe min, robar duk ta yi tsaga-tsaga. Sabo sai an yi oda daga Legas ko Dubai, ga kwamfiresa ita ma ta tafi, kun dai san yadda dala take. Nan na yanke shawara.

Aikin sauyin bai ɗauki wuni ba. An cire balan-balan biyun, an zaunar da sifirin a mazauninsa, an toshe tiyon iskar, an zare fis ɗin kwamfiresa. Wallahi makonnin farko ji na yi kamar an sauke min dutse daga ƙirji. Ina kwana in tashi in tarar da ita tsaye yadda na bar ta. Na shiga jigayin wajen Birniwa, na bi burjin da ke zuwa gona, na ratsa ruwa ba tare da tunanin wata waya ko sansa za ta jiƙe ba. A hanya mai kwazazzabo ma ta fi yi min daɗi, domin iskar in ka ɗaga ta sama sai ƙafar ta sandare, shi kuwa sifirin yana barin taya ta bi ƙasa ta sauka rami ta hau. Ba banza ba tsofaffin Land Cruiser 80, da aka fara yi a 1990 da sifirin ƙafa huɗu, har yau suke yawo a dazukanmu.

Amma fa tsugune ba ta ƙare ba. Mai shagon da na sayi sifirin a wurinsa rantsuwa ya yi min. “Yallaɓai, babu wani bambanci, ba ma za ka san an canza ba.” Ranar farko da na yi mata lodin taki, baya ya zauna, hanci ya ɗaga sama, sitiyari ya yi sakwaf a hannuna. Da daddare fitila maimakon ta haska hanya sai ta shiga idon masu tahowa, kowa yana ƙifta min wuta yana zagina a ransa. Ƙarfe ƙarfinsa ɗaya ne, ba ya sanin an ƙara masa kaya: mai laushi ya durƙusa da lodi, mai kauri ya jijjiga ka in mota ba komai. Shi mai kayan ya san haka sarai, kuma sai da na gaya masa manomi ne ni, buhu nake ɗauka. Mai laushin ya ba ni, don shi ne a shagonsa. Bai kuma ce min tsofaffin shokazoban ba za su iya riƙe sifirin ba. A kan gargada bayan motar sai ya riƙa tsalle yana sake tsalle kafin ya natsu, dole na sake kashe kuɗi na canza su. Ga wata fitila da ta kama a dashbod tana ƙiftawa ba dare ba rana, sai da mai wayarin ya wuni a kanta.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na Hajiya. Tana fama da ciwon baya, ni nake kai ta asibiti Kano, kuma a da barci take yi a kujerar baya har mu shiga gari. Bayan sauyin, ba mu kai Gujungu ba ta ce, “Wai ni motar nan taka canza ta ka yi ne? Tsaya in gyara zama.” Na tsaya na sa mata filo. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, kuma a ranar na yi kewar iskar ƙwarai. Wanda motarsa daga gida sai ofis a Dutse ko Kano, kuma yana da halin sayen sabon balan-balan ba na hannu ba, kada ya taɓa ta, ya gyara abinsa.

Ni kam ba zan koma wa iska ba, domin ba zan sake kwana a fadama saboda roba ba. Na koma wurin mai shagon da maganar sifirin nasa a zuciyata, na ce ya canza min da mai kauri in cika masa kuɗi. Ya ce kayan da aka riga aka ɗaura ba ya dawowa. Bakanikena ya ce akwai irin wanda zagayensa na sama ke da laushi na ƙasa ke da ƙarfi, yana ɗaukar lodi ba ya kuma dukan mutum sosai in mota ba kaya. Shi nake nema yanzu kafin girbin alkama, kuma ba a wancan shagon ba.